Maɓallai Huɗu a Kan Sitiyari

A watan Agustan 2022 kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya fito da sabon samfurin motarsa mai suna 911 GT3 RS. Masu sharhin motoci sun yi ta zuzuta fiffiken da ke bayanta, wanda ya ɗara rufin motar tsawo, da injinta mai ƙarfin doki 525, da farashinta da ya haura Yuro dubu 220. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wasu 'yan maɓallai ne guda huɗu da ake murɗawa, waɗanda aka jera a jikin sitiyari. Ɗaya na zaɓen yanayin tuƙi ne, ɗaya na na'urar da ke raba ƙarfin injin tsakanin tayoyin baya, ɗaya na kwamfutar da ke tsawata wa taya idan ta fara zamewa, na huɗun kuma na shokazoba. Da wannan na ƙarshen, direba yana zaune a kujerarsa zai iya ƙara taurin shokazoba ko ya rage shi, na gaba daban na baya daban, na lokacin matsewa daban na lokacin miƙewa daban, kowanne daga -4 zuwa +4. Wanda ya zauna ya lissafa zai samu saiti 6,561 a maɓalli guda, tun kafin ya taɓa sauran ukun.

Aikin da a da sai an ɗaga mota a jak, bakanike ya kwanta ƙarƙashinta da sifana, yau ya dawo ƙarƙashin babban yatsa. Abin burgewa ne, ban musa ba. Sai dai ya fito da wata tambaya da ta girmi wannan mota: shin mai motar ya san abin da yake murɗawa?

Da na ce motar gudu, ina nufin irin motar nan mai ƙofa biyu, mai lamba da takardu, wadda mutum zai je ofis da ita ranar Juma'a ya kuma shiga filin tsere da ita ranar Asabar. A Turai da Amurka da Japan filayen tsere kan ware ranaku domin irin waɗannan mutane. Babu gasa, babu kofi. Ka biya kuɗi, ka sa hular kwano, ka yi ta zagaye har mai ya ƙare ko rana ta faɗi. Ra'ayina shi ne mafi yawan masu wannan sha'awa suna fara kashe kuɗinsu da hankalinsu daga inda ya kamata su ƙare. Suna farawa da ƙafar mota, su sauke ta ƙasa, su taurara ta, alhali ba su gama sanin tayarsu ba, balle hannunsu. Tushen kuskuren kuwa guda ne: sun ɗauka tauri shi ne gudu.

Bari mu sauka ƙasa, inda maganar take. Duk abin da mota ke yi, tashi ne ko tsayawa ko shan kwana, ta wurare huɗu take yin sa, wato inda roba ta taɓa kwalta, kuma kowannensu bai fi tafin hannu da yawa ba. Injin da birki da sitiyari saƙo kawai suke aikawa. Waɗannan tafukan huɗu ne ke cikawa ko su gaza. Abin da kanikawanmu ke kira ƙafar mota, wato sifirin da shokazoba da sandar sitabilaiza da hannuwan ƙarfen da ke riƙe da taya, aikinsa shi ne ya tabbatar tafukan nan suna manne da ƙasa, a shimfiɗe, da nauyin da ba ya yawan hawa da sauka.

Ita taya tana da wata ɗabi'a da wanda bai san ta ba ba zai taɓa gane saitin mota ba. Idan aka ƙara mata nauyi tana ƙara riƙo, amma ba daidai wa daida ba. Ka ninka nauyin, riƙon zai ƙaru, sai dai ba zai ninka ba. Ga misali da alƙaluman da na tsara domin sauƙin fahimta kawai. A ce tayoyin gaba biyu kowacce na ɗauke da kilo 400, kowacce kuma na ba da riƙon 400, jimla 800. Aka shiga kwana, kilo 200 ya tashi daga ta ciki ya koma ta waje. Ta wajen mai 600 ba za ta ba da 600 ba, wataƙila 560. Ta cikin mai 200 ta ba da 210. Jimla ta koma 770. Nauyin motar bai canza ba, amma riƙo ya ragu, don kawai kayan sun karkata gefe guda kamar mangalar da aka ɗaura wa jaki a karkace.

To, nawa ne nauyin da ke komawa waje a kwana? Abubuwa huɗu ke yanke wannan: nauyin motar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da tsananin kwanar da ake sha. Mai karatu ya lura, sifirin ba ya cikin jerin. Ka ƙara masa tauri, motar za ta rage kishingiɗa, ido zai gan ta a miƙe, jikin direba zai ji kamar an ɗaure ta da ƙasa, amma nauyin yana nan yana tafiyarsa, hasali ma da sauri fiye da da. Abin da tauri ke iyawa shi ne ya zaɓi ɓangaren da zai ɗauki kaso mafi girma, gaba ko baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗauka, kuma shi zai fara saki.

Idan gaba ya fara saki, sai ka murɗa sitiyari motar ta ƙi bi, ta zarce da hancinta zuwa wajen kwana. Wannan zan kira shi taurin kai. Idan baya ne ya fara saki, ƙugun motar ke juyowa yana neman wuce kanta. Wannan kuma jefa ƙugu. Kamfanoni kan gina motocinsu da ɗan taurin kai da gangan, domin abin da tsoro ke sa mutum ya yi, wato ɗage ƙafa daga totur, shi ne maganinsa: nauyi ya dawo gaba, tayoyin gaba su sake kamawa. A jefa ƙugu kuwa wannan ɗage ƙafar ita ce ke ƙarasa ɓarnar, domin tana sauke nauyi daga tayoyin da suka riga suka fara zamewa. Samfurin 911 Turbo da Porsche ya fara sayarwa a 1975, mai injin a bayan tayoyin baya, da wannan hali ya yi suna, har masu motoci suka yi masa laƙabi da mai mayar da mata zawarawa.

Saboda haka wanda ya ƙara kaurin sitabilaizar baya domin ya kori taurin kai bai ƙirƙiri riƙo daga sama ba. Ya karɓo daga baya ne ya ba gaba. Kusan kowane saiti a ƙafar mota haka yake, ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda, amma a kasuwa ana tallata shi kamar kyauta.

Mai karatu zai ce, to in haka ne me ya sa motocin tsere na gaske suke da tauri kamar dutse? Tambaya ce mai kyau, kuma tauri yana da amfaninsa na haƙiƙa: yana hana mota kishingiɗar da za ta ɗage gefen taya daga ƙasa, yana kuma sa ta amsa sitiyari ba tare da jinkiri ba. Amma babban dalilin iska ne. Ita GT3 RS ɗin da muka fara da ita, fukafukanta na danna ta ƙasa da nauyin kilo 409 a gudun kilomita 200 a awa, da kilo 860 a gudun 285. Ka ɗora wa mota irin wannan kaya a kan sifirin mai laushi, cikinta zai zauna a kwalta. Dole aka taurara ta, kuma abin da aka rasa a riƙon ƙafa iska ta biya shi da riba.

Tarihin Formula 1 ya nuna cewa su kansu injiniyoyi ba don so suke yi ba. A 1978 Mario Andretti ya lashe gasar duniya da motocin Lotus, waɗanda aka siffanta ƙasansu yadda iskar da ke bi ta ƙarƙashi za ta tsotse su zuwa kwalta. Dabarar na buƙatar tazarar mota da ƙasa ta tsaya cak, don haka kowa ya yi ta ƙara tauri, har ya zama direbobi na shan jijjiga mai tsanani. A 1981 Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, ya fito da Lotus 88 mai gangar jiki biyu, ɗaya cikin ɗaya: ta wajen ta ɗauki nauyin iska ta miƙa shi kai tsaye ga tayoyi, ta cikin kuma ta ɗauki direba da injin a kan sifirin mai sauƙi. Hukumomin gasar suka haramta ta, ba ta taɓa yin tsere ba. Abin lura a nan shi ne mutumin da ya jawo zamanin tauri shi ne ya gina mota sukutum domin ya kuɓuta daga gare shi. Wanda ya kwaikwayi taurin a motar da ba ta da fiffiken kirki ya ɗauki harajin ya bar ribar. Kama da wane ba ta wane.

Babu inda wannan ke fitowa fili kamar Nürburgring. Da'irarta ta arewa, wadda aka buɗe a 1927 a tsaunukan Eifel na yammacin Jamus, tana da tsawon kilomita 20.8, kuma tsakanin tudunta da kwarinta akwai kimanin mita 300. Jackie Stewart ne ya yi mata laƙabi da Koriyar Jahannama, kuma bayan hatsarin Niki Lauda a 1976 Formula 1 ta bar ta. Hanya ce mai ƙugu da kwari da faci, akwai wuraren da mota ke yin sauƙi har taya ta bar ƙasa, akwai kwanar Karussell da aka shimfiɗa da falalen siminti a karkace. Ƙungiyoyin tsere da kansu kan ɗaga motocinsu su kuma sassauta su idan sun zo nan, domin tayar da ke sama ba ta birki, ba ta shan kwana, ba ta tura mota.

Duk da haka, wannan da'ira ce ta zama ma'aunin da ake sayar da motocin gudu da shi. A watan Oktoban 2022 Jörg Bergmeister ya zagaye ta da GT3 RS cikin minti 6 da sakan 49.328, wato matsakaicin gudun kusan kilomita 183 a awa. Adadin gaskiya ne. Amma an same shi ne da mutumin da ya shafe shekaru yana yi wa Porsche tsere, a hanyar da aka rufe masa shi kaɗai, da tayoyin Michelin na musamman, da injiniyoyi tsaye a bayansa. Mai saye yakan ji kamar adadin na cikin abin da aka miƙa masa tare da makulli. Ina ganin wannan ne mafi wayon talla a duniyar motoci, domin ba ƙarya aka yi masa ba, shi ne ya ƙarasa wa kansa labarin.

Wani abokina da ya je karatu Ingila ya zauna, ya sayi tsohuwar Mazda MX-5, ya fara zuwa irin waɗannan ranaku. Bayan zuwa biyu ya yanke hukuncin cewa motar ta cika laushi. Ya yi odar sifirin da shokazoba masu saiti ta intanet, masu araha, ya sauke motar har yatsu biyu ba sa shiga tsakanin taya da bodi, ya murɗa komai zuwa ƙarshen tauri. Ya kira ni yana murna, wai yanzu ko tsakuwa ya taka yana jin ta a ƙugunsa. A zuwa na uku motocin da yake wucewa a da suka riƙa wuce shi. Da yamma, a wata kwana mai ɗan danshi, ya taka dakalin gefen hanya, motar ta yi tsalle, kafin ya ankara yana kallon inda ya fito, ya tsaya cikin tsakuwar da aka zuba don irinsa. Allah ya kiyaye, bai daki komai ba. Wani mai koyar da tuƙi a filin ya leƙa ƙarƙashin motar ya nuna masa cewa ya sauke ta har ba ta da sauran wurin matsewa. Tana zaune ne a kan robar da aka sa don tare ƙarshen tafiyar shokazoba. Ma'ana, a kwana ba shi da sifirin kwata-kwata.

Ban kawo labarin don in yi masa dariya ba, da ni ne ma abin da zan yi ke nan. Jiki yana ruɗin mutum. Mota mai tauri tana amsawa da wuri, tana jijjiga, tana ƙara, duk alamomin da ƙwaƙwalwa ke fassarawa da gudu. Mota mai laushi daidai gwargwado tana kishingiɗa, tana ba ka labari a hankali cewa riƙo ya kusa ƙarewa, wannan labarin kuwa shi ne abin da sabon direba ya fi buƙata. Tauri yana gajarta tazarar da ke tsakanin gargaɗi da saki.

Shokazoba ita ce aka fi jahilta. Sifirin ke yanke nisan da mota za ta matse. Ita kuma saurin matsewar da saurin dawowar take tsarawa, ta hanyar tilasta wa mai bi ta ƙananan ƙofofi. Tasirinta na bayyana ne a lokutan sauyi: shiga kwana, fita daga kwana, taka birki, hawa ƙugu. A tsakiyar doguwar kwana mai santsi, inda mota ta riga ta zauna, kusan ba ta da ta cewa, don haka wanda motarsa ke taurin kai a nan ya je yana murɗa shokazoba yana neman magani a inda babu shi. Idan kuma aka tsananta taurin miƙewa, taya ta hau ƙugu ta matse, kafin ta dawo ta hau wani, motar sai ta yi ta nutsewa mataki-mataki har ta zauna a kan robar nan ta abokina.

Abin da ya kamata a fara da shi kuwa kusan kyauta ne: iskar taya. Ɗan hakin da ka raina. Motar Chevrolet Corvair ta farkon shekarun 1960, wadda Ralph Nader ya caccaka a littafinsa na 1965, injinta a baya yake, kuma kamfanin ya dogara da bambancin iska domin ya daidaita halinta: psi 15 a gaba, 26 a baya. Duk mai facin da ya cika tayoyin huɗu daidai, bisa kyakkyawar niyya, ya canza ɗabi'ar motar ba tare da ya taɓa ƙarfe ko ɗaya ba. Daga baya, a 1972, binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ya ce motar ba ta fi takwarorinta na zamanin haɗari ba, amma darasin iskar yana nan.

A filin tsere lamarin ya fi haka motsi, domin taya na zafi, iskar cikinta na kumbura. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kusan psi ɗaya a duk ƙarin zafin digiri biyar zuwa shida a ma'aunin Salshiyas, kuma bayan 'yan zagaye masu ƙarfi ba abin mamaki ba ne a ga ta ƙaru da biyar ko fiye. Tayar da ta cika ta yi ƙwalƙwal tsakiyarta kaɗai ke aiki. Shi ya sa masu gogewa ke auna iska da zarar sun fito, taya na da zafi, su kuma auna zafin robar a wurare uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefen waje ya fi zafi sosai, tayar na birgima a kan kafaɗarta, tana buƙatar a ƙara karkatar da samanta zuwa ciki, abin da masu alaimen ke kira kamba. Motocin titi ba sa wuce digiri ɗaya da ɗoriya, na filin tsere kan kai biyu zuwa uku. Shi ma ciniki ne: abin da ka samu a kwana za ka biya shi a birkin miƙaƙƙiyar hanya, kuma idan ka dawo titi cikin tayar ne zai riga cinyewa.

Sai birki, wanda ba wanda ke ɗaukar hotonsa. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma yana shan danshi daga iska, kuma ma'aunin da aka gindaya masa bayan ya sha ruwa digiri 155 ne kacal. Idan ya tafasa, kumfa ke shiga bututu, ƙafa ta taka feda ta tafi har ƙasa babu amsa. Mutum ya sayi shokazoba ta dubban kuɗi ya shiga fili da man birkin shekara uku, wannan ban san sunan da zan ba shi ba.

Yanzu ga hujjar da na fi dogara da ita. Domin ka san ko murɗa maɓalli ya amfane ka, sai ka iya maimaita zagaye iri ɗaya sau da yawa. Ƙwararren direba kan jera zagaye da bambancin da bai kai rabin sakan ba. A irin wannan hannu, ƙaramin sauyi yana bayyana. Wanda yau ya taka birki a nan, gobe a can, zagayensa na bambanta da sakan biyu ko uku, ba shi da ma'aunin da zai gane abin da mataki ɗaya na shokazoba ya yi. Zai murɗa, ya yi zagaye mai kyau domin ya fara sanin hanya ko don rana ta ɗumama kwalta, ya jingina nasarar ga maɓalli. Zai murɗa abu uku a lokaci guda, motar ta gyaru ko ta ɓaci, bai san wanne ya jawo ba. Saiti 6,561 a hannun irin wannan direba hanyoyi 6,561 ne na ruɗin kai.

Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin motocin Toyota, ya gamu da wannan gaskiya tun kafin ya zama shugaban kamfanin a 2009. Babban direban gwajin kamfanin, Hiromu Naruse, ya faɗa masa gaba da gaba cewa ba ya son wanda bai iya tuƙi ba ya riƙa yi masa sharhi a kan mota. Toyoda bai yi fushi ya tafi ba, ya zama ɗalibinsa na tsawon shekaru, har a 2007 suka shiga tseren awa 24 na Nürburgring da tsofaffin motocin Altezza, shi yana ɓoye da sunan Morizo. Naruse ya rasu a watan Yunin 2010 a hatsari a wani titi kusa da da'irar, yana gwajin Lexus LFA. Mutumin da ke da iko da dubban injiniyoyi ya ga cewa kafin ya ce a taurara ko a sassauta, sai ya fara gyara na'urar da ke jin motar, wato shi kansa.

Akwai masu ja da ni, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kuɗina ne, motata ce, kuma murɗe-murɗen shi ne rabin daɗin. Ta yaya ma mutum zai koyi abin da shokazoba ke yi in bai taɓa ta ba? Na yarda da rabi. Hasali ma maɓallin Porsche ya fi kayan intanet na abokina gaskiya, domin injiniyoyi sun yi masa iyaka ta kowane gefe, kuma sifili na nan a tsakiya yana jiran mai son komawa. Wanda ya ɗauki abu guda, ya kai shi ƙarshen laushi ya yi zagaye biyar, ya kai shi ƙarshen tauri ya yi biyar, ya rubuta abin da ya ji, wannan karatu yake yi, kuma ina yaba masa. Inda muka rabu shi ne cewa kuɗinsa da ransa kaɗai ke kan faifai. A ranakun da Nürburgring ke buɗe wa jama'a, kowa na iya biyan kuɗin zagaye ya shiga, motar iyali da motar gudu a hanya guda, shi ya sa ma aka hana ɗaukar lokaci. Wanda ya kashe kwamfutar hana zamewa don ya ji shi gwani ne, ya juya a bayan wata makauniyar kwana, wanda ke tafe a bayansa bai sa hannu a gwajinsa ba. Bayan haka akwai takardar kuɗin shingen da ya lalata da motar janwe da rufe hanya, kuma inshorar titi sau da yawa ba ta shiga wannan magana. Sannan motar da aka saita domin busasshiyar kwalta mai santsi ita ce dai za ta koma gida da yamma, wataƙila cikin ruwan sama. Samarinmu da ke yanke sifirin su sauke mota domin wasan mota a ranar biki, a titin da yara ke tsallakawa, sun ɗauki mafi munin rabin wannan al'ada ne ba tare da filin da aka killace mata ba.

Kamfanonin da suka fi fahimtar masu koyo sun bi wata hanya dabam. Mazda ta fito da MX-5 a 1989 da injin lita 1.6 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, tana kishingiɗa a kwana ba kunya, kuma taken da injiniyoyinta suka yi aiki da shi wata tsohuwar magana ce ta Japanawa da ke nufin doki da mahayi su zama jiki guda. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan. Duk wanda ya taɓa ganin sukuwa ya san tsananta linzami da ƙara ɗaure majayi ba sa mayar da sabon mahayi gwani. Dokin ne kawai zai daina gaya masa abin da yake ji. A 2016 aka ƙera MX-5 ta miliyan ɗaya, kuma a Amurka akwai rukunin tsere guda da ita kaɗai ake yi, inda dokoki suka ƙayyade kayan ƙafar da kowa zai sa, don bambanci ya koma hannun direba. Toyota da Subaru kuwa da suka fito da GT86 da BRZ a 2012, sai suka sa musu siraran tayoyin Michelin irin waɗanda ake samu a wasu samfuran Prius, domin motar ta kai iyakar riƙonta a gudun da mutum zai iya kuskure ya gyara.

Shi abokin nawa ya ɗaga motarsa ta koma kusa da tsayinta na asali, ya mayar da shokazoba tsakiya, ya canza man birki, ya biya mai koyarwar nan ya zauna gefensa na yini guda. Ya ce abin da mutumin ya fi nanata masa shi ne inda zai kai idonsa, domin ashe hancin motarsa yake kallo maimakon ƙarshen kwana. Yanzu yana da ɗan littafi a aljihun ƙofa: kwanan wata, yanayin sama, iskar kowace taya da sanyi, iskarta da zafi, da abu guda da ya canza a ranar, in ya canza. Da na duba shi a zuwana na ƙarshe, shafi goma sha ɗaya ya cika, kuma a layin shokazoba lamba ɗaya ce tun daga shafin farko.